Wa Ke Karanta Saƙon da Ya Shigo Wayarka?

A Ƙofar Guga, ɗaya daga cikin tsoffin ƙofofin ganuwar birnin Katsina, ta ɓangaren da hanya ke miƙewa zuwa Jibiya har ta tsallaka Maraɗi, ciniki da yawa a yau ba ya faɗawa sai waya ta yi ƙara. Mai tsire ya yanka ya barbaɗa yaji ya naɗe a takarda, mai kanti ya ɗaure kaya a leda, mai POS ya ƙirga kuɗi ya riƙe a hannu, amma babu mai sakin nasa sai ya ga abu guda a fuskar wayarsa. “Alhaji, na tura fa.” “To, bari alat ya shigo.” Wannan ’yar magana ta zama ruwan dare tun farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000, wanda Babban Bankin Nijeriya ya sanar a watan Oktoban 2022, ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi har mutanen da suka yi shekaru suna gudun banki suka buɗe asusu ba don suna so ba. Tsabar kuɗi ta dawo, ɗabi’ar kuwa ta zauna. Ra’ayina a nan shi ne, akwatin saƙon tes da ke cikin waya ya tashi daga wurin gaisuwa da barka da Juma’a ya koma ma’ajiyar mabuɗan dukiyar mutum, alhali ba don wannan aiki aka ƙera shi ba. Saboda haka duk manhajar da ta nemi izinin duba saƙonnin da ke shigowa, abu mai nauyi take nema, kuma in ka cire manhajar saƙo ta asali da ta zo da wayar, kusan babu wadda take da hujjar da za a ba ta.

Duk mai shakka ya buɗe akwatin saƙonsa ya karanta na wata guda a jere. Zai tarar da alat na kowane kuɗi da ya shiga ko ya fita, da sunan wanda ya turo, da ragowar da ke asusu bayan kowane ciniki. Zai tarar da lambobin nan masu lalacewa cikin ’yan mintoci, waɗanda ake kira OTP, da banki ke turowa kafin a fitar da kuɗi ko a ɗora asusu a kan sabuwar waya. Mai yiwuwa akwai saƙon da ke ɗauke da lambar BVN, wadda aka ƙaddamar a Fabrairun 2014, ko lambar NIN da aka tilasta haɗawa da layin waya tun daga Disamban 2020, kuma da waɗannan biyun ake buɗe asusu ko a ci bashi. In akwai ɗalibi a gidan, lambar da JAMB ke bayarwa ta 55019 ta nan ta biyo. Lamba shida da WhatsApp ke turowa don tabbatar da mai layi, ita ma haka. Wanda ya karanta wannan akwati daga sama har ƙasa ya san ranar da albashi ke shiga, ya san wanda ke bin mutum bashi da wanda shi yake bi, ya san asibitin da aka biya kuɗi da makarantar da yara ke zuwa, ya san ko an yi wa iyaye aike a wannan wata ko ba a yi ba. Akwai magidanta da yawa da ko iyalinsu ba su san rabin wannan ba.

Shi kuwa saƙon tes, tsohon hannu ne a harkar waya. Na farko an aika shi ne ranar 3 ga Disamba, 1992, a Ingila, sa’ad da wani injiniya mai suna Neil Papworth ya tura gaisuwar Kirsimeti daga kwamfuta zuwa wayar wani jami’in kamfanin Vodafone. Waɗanda suka tsara shi sun cusa shi ne a ɗan sararin da ya rage a hanyar da waya ke bi tana sanar da ƙarfen sabis inda take, shi ya sa bai wuce haruffa 160 ba. Masu rubuta Hausa da ƙugiya ma nasu bai kai haka ba, domin da zarar ɓ ko ɗ ko ƙ ta shiga, saƙo ɗaya ya koma haruffa 70, abin da ya yi saura a yanyanka shi wayar mai karɓa ta sake haɗawa. Saƙon ba ya tashi daga waya ya faɗa waya kai tsaye. Yana fara sauka a cibiyar saƙonni ta kamfanin layi, ita ta ajiye shi ta nemi inda wayar mai karɓa take. In a kashe take ko babu sabis, ta jira ta sake gwadawa, in wa’adi ya wuce ta zubar. Mutanen Jibiya da Batsari da Safana sun ga wannan da idonsu a ƙarshen 2021, lokacin da aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar a zamanin Gwamna Aminu Bello Masari saboda ’yan bindiga: sai mutum ya shigo birni sannan saƙonnin da suka taru su riƙa zubowa lokaci guda. Abubuwa uku ne wannan tsari bai taɓa yi wa kowa alkawarinsu ba. Bai yi alkawarin isa a kan lokaci ba. Bai yi alkawarin sirri ba, tunda saƙon yana ratsa na’urorin kamfani a yadda za a iya karanta shi. Bai kuma yi alkawarin cewa sunan da ke samansa na mai aikowa ne da gaske ba. Lokacin da wayar salula ta GSM ta iso Nijeriya a Agustan 2001 babu wanda hakan ya dama, don abin da ake aikawa bai wuce “ka kira ni” ba.

Na ukun nan shi ne tushen alat na bogi. Sunan banki da ke fitowa a saman saƙo rubutu ne da mai aikowa ya cike a gurbi, wayarka kuma ba ta da hanyar tantance shi. Abin da ta iya kawai shi ne ta jera duk saƙonnin da suka zo da suna iri ɗaya a layi ɗaya. Kamfanonin layi suna tacewa, suna toshe da yawa, amma in na ƙarya ya sulale, zai je ya zauna ne a ƙarƙashin na gaskiya, babu abin da ya raba su a ido. Wannan ba matsalar rashin ilimi ba ce. A Singafo, ƙasar da ake buga misali da ita wajen boko da tsari, kimanin mutum 790 masu ajiya a bankin OCBC sun yi asarar dalar Singafo miliyan 13.7 a ƙarshen 2021 ta hanyar saƙonnin da suka shigo layi ɗaya da na bankin. Abin da ya sa daga ƙarshen Janairun 2023 ƙasar ta wajabta wa kowace ma’aikata rajistar sunan da take aika saƙo da shi, wanda bai yi rajista ba saƙonsa ya iso da tambarin gargaɗi ke nan. Ga mai kanti a Ƙofar Guga abin yana ci ta fuska biyu. Wani lokaci alat ya shigo kuɗi ba su shigo ba. Wani lokaci kuma kuɗin sun daɗe da shiga alat ne ya maƙale a hanya, a bar mutumin kirki a tsaye da ledarsa ana yi masa kallon mara gaskiya. Abin da ke raba gardama shi ne ragowar kuɗin da mai asusu ya duba da kansa, a manhajar bankinsa, ko ta lambar tauraro da ake dannawa, ko a takardar da na’urar POS ta fitar. Naira shida da bankuna ke cira a kan kowane alat tun 2025, bayan shekarun da suka yi suna cirar naira huɗu, kuɗin sanarwa ne kawai.

Yanzu mu shiga cikin wayar kanta, domin a nan maganar manhaja ta taso. Galibin manyan wayoyin da ke hannun mutane a Katsina, su Tecno da Infinix da itel na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, da Samsung da Redmi, da tsarin Android suke aiki. Idan saƙo ya sauka, tsarin yana miƙa shi ga manhaja ɗaya da aka naɗa ta kula da saƙonni, ita ce ke adana shi ta buga ƙararrawa. Amma a daidai wannan lokaci tsarin yana yin shela a cikin wayar cewa saƙo ya iso, ga lambar da ta aiko, ga abin da ya ƙunsa, kuma duk manhajar da aka taɓa bai wa izinin saƙo tana jin wannan shela. Ba sai tana buɗe ba. Tsarin zai tashe ta ya ba ta nata kwafin, ko da wayar tana aljihu mai ita yana sahun sallah. A wurin masu rubuta manhaja izinin kala-kala ne: akwai na jin sabon saƙo, akwai na karanta tsofaffin da ke ajiye, akwai na aikawa da layin mai waya a cire a katinsa. A idon mai waya kuwa tambaya ɗaya ce ke fitowa, da wurin dannawa biyu, na yarda da na ƙi. Babu inda zai ce ta karanta na kamfaninta kaɗai ta bar na banki. In ya danna yarda ya ba da duka, na bara da na jiya da na gobe. Da yake kuma kusan kowace manhaja tana da damar hawa intanet ba tare da an tambayi kowa ba, kwashe akwatin gaba ɗaya zuwa wata kwamfuta a wata ƙasa aikin ’yan daƙiƙoƙi ne, kuma babu wata alama da za ta fito a fuskar waya.

Masu Android da kansu sun daɗe da gane cewa sun yi sakaci a nan, kuma jerin gyare-gyarensu shi ne babbar shaidata. Kafin 2013 manhaja na iya tare saƙo a hanya ta haɗiye shi, mai waya bai ma san ya zo ba; da haka ɓarayi suka riƙa jefa mutane cikin rajistar da ke cinye katin waya, sannan su ɓoye saƙon da zai tona asiri. Android 4.4 na 2013 ya hana wannan, ya ce manhaja ɗaya tak ce za ta riƙa rubutu a akwati. Android 6 na 2015 ya kawo tambayar izini a lokacin da ake buƙatarsa, maimakon dogon jerin da ake amincewa da shi a dunƙule wajen saukar da manhaja. A Oktoban 2018 Google ya sanar cewa manhajar da ba ita ce mai kula da saƙonni ba ba za ta ƙara samun wannan izini a Play Store ba, sai ’yan kaɗan da aka keɓe bayan bincike, aka kuma fara aiki da dokar a farkon 2019. Duk da haka, a Janairun 2020 kamfanin ya bayyana cewa ya cire manhajoji kimanin 1,700 na wani gungu da ake kira Joker, masu sa mutane cikin rajistar biyan kuɗi a ɓoye. Shi kuwa Apple bai taɓa yarda manhajar waje ta shiga akwatin saƙon iPhone ta karanta yadda ta ga dama ba. Tun 2018 wayar ce da kanta ke ɗauko lambar OTP ta nuna wa mai ita a saman madannai, in ya so ya taɓa. Ga abin lura: bankuna da WhatsApp da manhajojin kasuwanci duk suna aiki lafiya lau a iPhone. Manhajar da ta iya aikinta a can ba tare da buɗe akwati ba, da wuya ta gamsar da mu cewa a Tecno ba za ta iya ba.

Sai dai dokar Play Store iyakarta Play Store, mu kuwa da yawanmu ba ta nan muke samun manhaja ba. Data na da tsada, don haka aboki ya tura wa aboki ta Xender, ko a kai waya wurin masu tura finafinai da waƙoƙi a ce “zuba min komai da komai”, ko wani ya jefo adireshi a zauren WhatsApp wai na tallafin gwamnati ko na kyautar data. Irin WhatsApp ɗin nan da aka yi wa kwaskwarima, wanda matasa ke so don yana nuna saƙon da aka goge, babu shi a Play Store sam. Duk manhajar da ta shigo ta waɗannan hanyoyi ba ta bi ta hannun mai tantancewa ba. Ga shi kuma sau da yawa yaron shagon da aka sayi wayar ne ke saita ta, yana danna yarda a jere don ya sallami wannan ya kama na gaba. Mai wayar bai ga tambayar ba balle ya amsa, ko ya gani ma da Turanci take zuwa a mafi yawan wayoyi. Akwai kuma hanyar bayan fage. Manhajar da ta kasa samun izinin saƙo sai ta nemi izinin duba sanarwar da ke leƙowa a saman waya, ko izinin da aka tanada don taimaka wa makafi da masu naƙasa su sarrafa waya, kuma da kowanne daga cikinsu za ta iya karanta OTP a lokacin da ya bayyana. Da irin wannan dabara wata manhajar ɓarna mai suna FluBot ta addabi Turai a 2021, tana yaɗuwa ta saƙon ƙarya na isowar kaya, har sai da ’yan sandan ƙasashe 11 suka haɗa kai suka karya ta a 2022. Android 13 ya tsaurara waɗannan izini ga manhajar da aka ɗora daga waje, kuma a 2024 Google ya fara gwajin hana ɗora irinsu a Singafo, daga baya ya faɗaɗa zuwa wasu ƙasashe har da Nijeriya. Amma wayar hannu da aka saya da araha, wadda ta yi shekaru ba a sabunta tsarinta ba, ba duk gyaran nan ke isa gare ta ba.

Hujja ta farko da masu manhaja ke kawowa tana da ƙarfi, kuma bai dace a yi watsi da ita ba. Suna cewa dattijon da ido ya yi rauni, ko uwargidan da karatunta na allo ne da ajami, in aka ce ta fita daga manhaja ta buɗe saƙo ta haddace lamba shida ta dawo ta rubuta kafin lokaci ya ƙure, za ta kasa, ƙarshenta ta miƙa wa wani wayar ya yi mata, wanda hakan ya fi haɗari. Gaskiya ne, kuma duk wanda ya taɓa ganin layi a gaban mai POS ya san haka ake yi. Amma an daɗe da warware wannan ba tare da buɗe akwati ba. Tun 2017 Google ya samar da hanyar da manhaja za ta gaya wa tsarin waya cewa tana jiran saƙo, tsarin ya saurara na minti biyar, kamfanin kuma ya liƙa wata alama mai haruffa 11 a cikin saƙonsa wadda ta dace da manhajarsa kaɗai. In saƙon ya iso, shi guda ake miƙa mata, ba ta ganin na gabansa ko na bayansa, ba ta kuma buƙatar izinin komai. Akwai hanya ta biyu, inda wayar ke nuna wa mai ita saƙon a fili ta tambaye shi ko a miƙa wannan ɗaya. Bahaushe ya san wannan tsari tun kafin waya. Wanda ya zo karɓar saƙo a zaure ake tsayar da shi, a aiki yaro ya miƙo masa abin da ya zo nema. Ba a cewa ya shiga ɗaki-ɗaki ya duba da kansa wai don a rage masa wahala. Addini ma ya koyar da neman izini kafin shiga gidan mutane a Suratun Nur, ya hana bin diddigin sirrinsu a Suratul Hujurat. Mai manhajar da ya bar wannan hanya ya nace sai an ba shi akwati duka, ko dai ƙyuya ce ta hana shi gyara aikinsa, ko akwai abin da yake nema ban da lambar.

Hujja ta biyu ta fi wuyar amsawa, domin tana magana ne da sunan talaka. A Kenya, inda M-Pesa ta fara a 2007 kuma kowane ciniki ke barin saƙon tes a waya, kamfanoni irin su Tala da Branch sun gina sana’ar ba da rance a kan karanta waɗannan saƙonni. Matar da ke sayar da kayan miya, ba ta da fili ba ta da takardar albashi, saƙonninta su ne shaidar cewa kuɗi na ratsa hannunta kullum. Wa zai ce mai awara ko mai fura a cikin birni ba ta buƙatar jari? Ko an ajiye batun kuɗin ruwa, wanda ya ishe mutane da yawa a nan dalilin ƙauracewa, abin da ya faru a Nijeriya ya isa a yi tsai. A Agustan 2021 hukumar NITDA ta ci tarar kamfanin rance na Soko Lending naira miliyan 10 saboda keta sirrin masu cin bashi. A Maris na 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta kai samame ofisoshin wasu manhajojin rance a Legas, bayan koke-koken mutanen da aka tura wa danginsu da abokan aikinsu saƙonnin tozarci a kan bashin da bai taka kara ya karya ba. Daga 31 ga Mayu, 2023, Google ya hana manhajojin rance taɓa jerin lambobin waya da hotuna. Mafi yawan wannan ta’asa da jerin lambobi aka yi ta, amma darasin ɗaya ne: bayanin da aka karɓa da sunan auna cancanta, ranar da aka makara da biya da shi za a ci mutunci. Akwai kuma wata matsala da yardar mai cin bashi ba ta gyarawa. Akwatin saƙo ba nasa ne shi kaɗai ba. Akwai maganar ƙanwarsa a ciki, da ta makwabcin da ya roƙe shi rance a asirce, kuma su babu wanda ya tambaye su. Mai son ganin shigi da ficin kuɗin mutum yana da hanya mai tsabta, wato takardar bayanin asusu daga banki. Babban Banki ma ya fitar da ƙa’idoji a Maris na 2023 da ke ba mai asusu damar umartar bankinsa ya nuna wa wani kamfani takamaiman bayani, ya kuma janye umarnin in ya so. Aiwatar da su ya ɗauki lokaci, amma can ya kamata a matsa lamba.

Sai masu cewa “ai shi ya danna da hannunsa”, da kuma shi mai wayar da ke cewa “ni me gare ni a asusun da za a sata?” Ga na farko, doka ta riga ta ba da amsa. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin gidajen ’yan ƙasa da wasiƙunsu da maganarsu ta waya. Dokar kare bayanan jama’a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ce yarda sai da sani kuma a kan takamaiman dalili, ta ce kada a karɓi bayanin da ya wuce buƙata, ta kuma tanadi tarar da za ta iya kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara ga manyan kamfanoni, duk wanda ya fi yawa. Yardar da yaron shago ya danna a madadin mutum, cikin harshen da bai iya ba, ba na ganin ta cika wannan sharaɗi. Ga na biyun kuwa, ɓarawon zamani ba kullum kuɗin asusu yake so ba, sau da yawa sunan mai asusun yake so. Da BVN da OTP ana iya cin bashi da sunan mutum, ana iya ratsa kuɗin damfara ta asusunsa, kuma ranar da bincike ya taso ƙofarsa za a fara bugawa. Da lamba shidan WhatsApp ana ƙwace masa zaurukansa a bi ’yan’uwa ɗaya bayan ɗaya ana cewa yana asibiti a taimaka. Mai hali yana da lauya, yana da wanda ya sani a banki; mara hali shi ne zai yi ta sintiri yana rantsuwa.

Daga ɗaya gefen kuma akwai masana da ke cewa a daina tura lambar sirri ta tes kwata-kwata. Suna da dalili. Hukumar tsara ma’aunai ta Amurka, NIST, ta sanya wannan hanya cikin waɗanda ake amfani da su da taka-tsantsan tun 2017. A wannan shekarar ce ɓarayi a Jamus suka karkatar da saƙonnin banki ta wata kafa a tsohon tsarin da kamfanonin layi ke magana da juna, suka kwashe kuɗin mutane ba tare da sun taɓa wayar kowa ba. A nan gida an san masu yi wa layin wani “walkam bak” da takardun ƙarya, su wayi gari duk saƙonninsa na zuwa hannunsu. Singafo ta fara janye OTP daga shiga asusun banki a 2024 ga masu amfani da hatimin cikin manhaja. Na yarda can aka dosa, amma ban yarda an kai ba. Dubban mutanen da ke shigowa Katsina daga ƙauyuka da ƙaramar waya mai tocila suke, wadda ke kwanaki ba caji kuma ba ta san data ba. A wurinsu tes da lambar tauraro su ne banki. Tunda tes zai daɗe tare da mu, nauyin yana kan masu aiko shi su rage abin da suke ɗora masa. Babu abin da zai hana banki mai rassa a Katsina da Kano da Sakkwato rubuta saƙon OTP da Hausa, ya faɗi nawa za a cira da wanda za a tura wa, ya gargaɗi mai asusu kada ya karanta wa kowa lambar ko da ya ce daga banki yake. Babu abin da zai hana a ba mutum zaɓin cire ragowar kuɗinsa daga cikin alat. Hukumar sadarwa ta NCC kuma, wadda ta iya samar da lambar 2442 a 2016 don a tura STOP a huta da saƙonnin talla, tana iya tsaurara rajistar sunayen masu aiko saƙo har jama’a su san wanda aka tantance.

Kafin hukumomi su motsa, akwai abin da ke hannun mai waya, kuma bai fi aikin minti goma ba. A cikin saitin kowace Android akwai wurin da ke jera izini, a ƙarƙashin SMS za a ga sunan duk manhajar da aka ba. In an ga tocila ko wasa ko manhajar gyaran hoto ko ta rance a wurin, a janye, a kuma leƙa jerin masu izinin duba sanarwa. Wanda bai iya ba ya sa ɗansa ko amintaccen mai gyara ya yi a gabansa. Masu gyaran waya da masu shagon caji su ne suka fi kowa iya kawo canji a nan, tunda ta hannunsu wayoyin unguwa ke bi. Inda wuta ba ta zama, wayoyi da dama kan kwana a jere a kan katako ɗaya, kowace da ’yar takardar lamba a manne, kuma in ba a saita waya ta ɓoye saƙo a lokacin da take kulle ba, OTP zai fito ɓaro-ɓaro a gaban duk wanda ke tsaye. Layin kansa yana karɓar lambar sirri, ta yadda in an zare shi aka sa a wata waya ba zai yi aiki ba. Sai dai a adana katin da ya zo da shi, domin in an yi kuskure sau uku lambar buɗewa a jikinsa take. WhatsApp yana da lambar sirri ta biyu da ke hana ƙwace ko da an sami ta farko. Wanda kamfanin layi ya ƙi saurara yana iya kiran NCC a 622 kyauta. Wanda kuma zai yi doguwar tafiya, ko ya koma Maraɗi da zama ya jingine layinsa na Nijeriya, ya fara biyawa ta banki, domin layin da aka yi watanni ba a amfani da shi kamfani na sake sayar da shi, banki kuwa zai ci gaba da tura alat da OTP ga lambar da ke cikin takardunsa har ranar da mai asusun ya je da kansa ya canza ta.